Shin Gaisuwar Waya Ta Isa Zumunci?

'Yar uwa mai karatu, barkanki da war haka. Ya gida, ya maigida da yara, ya kuma shirye-shiryen sallah? Na san amsar da kika ba ni a ranki, wato "lafiya lau." To ki riƙe wannan amsa da kyau, domin a kanta maganarmu ta yau za ta tsaya.

Wata ranar Asabar a ajin matan aure da nake koyarwa, muna cikin darasin haƙƙin dangi, sai wata ɗaliba ta ɗaga hannu ta ce, "Malama, ni fa ranar sallah tun da asuba nake tura wa kowa barka da sallah a waya, dangin uwa da na uba da na maigida, ba na tsallake kowa. Ke nan na fita haƙƙin zumunci ko?" Nan take aji ya kaure. Wasu suka ce ai ta fita, zamani ne ya zo da haka. Wata dattijuwa da ke zama a layin baya ta ce, "Allah ya kyauta, mu dai mun tashi mun ji ana cewa zumunta a ƙafa take." Ni kuwa sai na yi ɗan shiru, saboda tambayar ta fama mini wani miki da zan ba ki labarinsa nan gaba. Na ce su ba ni mako guda. Abin da na je na yi ta juyawa a raina a wannan mako shi ne nake son mu duba tare.

Mu fara da yi wa waya adalci. Aika gaisuwa daga nesa ba yau aka fara ba. Lokacin muna yara, mu ne marubutan wasiƙar tsofaffin gidanmu. A zaunar da ke a ba ki takarda da biro, a yi ta jero miki sunayen waɗanda za a gaisar, sannan a kai wa direba a tasha. Wanda ɗansa ke Makka ko Kurmi kuwa kaset ake ɗauka, kowa ya zo ya yi magana a bakin rakoda, har da jinjirin da ake tsokana don a ji kukansa. Wasu kuma kati suke saya su aika gidan rediyo, a karanto gaisuwarsu a shiri irin Zaɓi Sonka na Rediyon Kaduna. Ba wanda ya taɓa cewa waɗannan sun yanke zumunci.

Wayar salula ta shigo Najeriya sosai a watan Agustan 2001. A farkon nan layi kaɗai yana kai wa naira 20,000 ko fiye, kira kuma naira 50 kowane minti, har sai da Glo ya zo a 2003 da lissafin daƙiƙa. Ina tuna ranar da mahaifinmu ya shigo da tasa ta farko, yadda muka kewaye ta kamar an kawo amarya. A lokacin in an kira ki, kin san an kashe kuɗi dominki, shi ya sa kira yake da daraja. Daga baya manyan wayoyi suka yi araha, WhatsApp da Facebook suka shigo har ɗakunanmu, aka wayi gari mace tana iya gaisar da mutum ɗari biyu kafin ruwan shayi ya tafasa.

Kuma wallahi an ga amfaninta. A sallar azumi ta 2020, lokacin da annobar korona ta sa aka hana tafiya daga jiha zuwa jiha, da me muka gaisa da iyayenmu in ba da ita ba? Wadda aka aurar Maraɗi ko Legas ko Jidda yau tana ganin fuskar mahaifiyarta ranar idi, abin da kakanninmu ko a mafarki ba su zata ba. Duk wadda ta ce waya sharri ce zalla ba ta faɗi gaskiya ba, kuma wataƙila da wayar take aika wannan magana tata.

To me malamai suka ce game da iyakar zumunci? Alƙali Iyal, babban malamin nan na mazhabar Malikiyya wanda ya rubuta Ashafa da ake karantawa a garuruwanmu da azumi, ya rasu a shekara ta 544 bayan hijira. Imamu Nawawi ya kawo bayaninsa a sharhin Sahihu Muslim, inda ya nuna cewa zumunci hawa-hawa ne. Mafi ƙanƙantarsa shi ne barin gaba da sadarwa da magana ko da sallama ce kawai. Sannan ya ƙara da cewa abin yana bambanta gwargwadon ikon mai sadarwa da kuma buƙatar wanda ake sadar wa. Wanda ya yi wani abu bai kai matuƙa ba, ba a kiransa mai yanke zumunci, amma wanda ya gaza abin da yake da ikon yi kuma ya kamace shi, shi ma ba a kiransa mai sadarwa.

Kin ga ke nan ɗalibata ba ta yanke zumunci ba, tunda ta yi sallama. Amma ma'aunin biyu ne, iko da buƙata. Ikonki ke kika san shi. Buƙatar 'yar uwarki fa, ta yaya za ki san ta? A nan ne gizo yake saƙa, kuma a nan labarina ya shigo.

Ina da Goggo, yayar mahaifina, tana zaune a cikin gari, a Yakasai. Ni kuma aure ya kai ni Hotoro. Duk Kano ne, adaidaita sahu biyu ke raba mu. Sunan mahaifiyarsu aka sa mini, saboda haka ba ta taɓa kama sunana ba, "Uwata" take ce mini. Muna yara a gidanta muke yada zango in mun je kallon Hawan Daushe, ta cika mu da tuwon shinkafa da miyar taushe, ta ƙulla mana alkaki da nakiya a leda. Bayan na yi aure yara suka zo, ga makaranta, ga hidimar gida, sai zuwa ya fara ja baya, kira ya maye gurbinsa. Kullum na kira na ce, "Goggo ya jiki, ya gida?" sai ta ce, "Lafiya lau Uwata, sai godiya." Ni kuma in ajiye waya raina fes, ina ganin na sauke nauyi.

Wata ƙaramar sallah ko kiran ma ban samu yi ba. Baƙi sun cika gida, sai na tura wani hoto mai furanni da jinjirin wata zuwa wayar jikanta da ke kwana a gidan, na ce ya nuna mata. Ban taka ƙafata gidan ba sai bayan sallah da mako uku, shi ma don wata unguwa ce ta biyo da ni ta wajen. Na yi sallama ta amsa, amma sai na ga ta juya fuskarta wajen da ba nan nake tsaye ba. Na durƙusa na gaishe ta, ta miƙo hannu tana lalube har ta kama kafaɗata. Ashe yana ta rufe mata ido ɗaya gaba ɗaya, ɗayan ma sai dishi-dishi. Wata da watanni ke nan da bango take bi zuwa banɗaki. Ga tabon ƙuna a bayan hannunta, wai ruwan zafi ne ya zubo mata. Na ce, "Haba Goggo, duk kiran da nake yi me ya sa ba ki faɗa mini ba?" Ta yi murmushi ta ce, "To Uwata, ki kira ni da kuɗinki ki gaishe ni, sai in hau kai miki ƙara? An ce kin aiko da hoto ranar sallah, na gode. Na sa an tuƙa tuwo na ajiye miki naki har dare, sai dai waya ba ta cin tuwo."

'Yar uwa, ban san sanda hawaye ya zubo mini ba. Abin da ya fi ci mini rai shi ne, yanar ido ciwo ne da ake yi wa aiki cikin ƙanƙanin lokaci mutum ya koma gani. Da muka haɗa kai da 'yan uwa aka kai ta asibiti, cikin ikon Allah idon ya buɗe. Wato watannin nan da ta yi tana lalube a cikin duhu ba rashin magani ne ya jawo su ba. Rashin mai zuwa ya gani ne. Kowannenmu yana kira, kowannenmu ana ce masa lafiya lau.

Ki duba yadda gaisuwarmu ta Hausa take. Mutum yana kwance rai a hannun Allah, ki ce masa ya jiki, ya ce da sauƙi. An kwana ba a ɗora tukunya ba, ki ce ya gida, a ce lafiya lau. Wannan ba ƙarya ba ce, tarbiyya ce ta kunya da kawaici da godiyar Allah, kuma abin alfahari ce. Amma al'adar da ta koya wa bakinmu rufa asiri, ita ce ta ɗora wa ƙafarmu zuwa. Iyayenmu sun san baki ba zai faɗa ba, shi ya sa suke zuwa su gani da ido. In Inna ta je gidan 'yarta, tana gaisawa tana kallon murhu, ko akwai toka mai ɗumi. Tana kallon wuyan yara da idon matar gida, ko ta kwana tana kuka. Ta leƙa randa, ta ɗaga murfin tukunya kamar da wasa. Ba ta tambaya ba, ba a gaya mata ba, amma ta koma gida ta san komai, gobe sai ga kwanon gero ya iso ba tare da an kunyata kowa ba. Labarin zuciya a tambayi fuska, in ji Hausawa. Mu kuwa mun riƙe rabin al'adar, wato lafiya lau, mun saki ɗaya rabin da yake gano abin da ke bayan lafiya lau ɗin. Waya tana ɗauko amsar baki ta kawo miki cikakkiya, amma ba ta leƙa tukunya.

Akwai kuma wani abu game da saƙon nan da ake turawa kowa da kowa. Ya tabbata a Sahihul Buhari, daga Abdullahi ɗan Amru, cewa Manzon Allah (SAW) ya bayyana mai sada zumunci na haƙiƙa da wanda yake sadarwa ko an yanke masa, ba mai ramawa kawai ba. Ki auna wannan da abin da muke yi ranar sallah. An turo miki hoto, kin tura wa wata, ita ma ta mayar miki da wani. Wani lokaci hoton da kika aika da safe shi ne zai zagayo ya dawo miki da la'asar. Babu sunan kowa a ciki, ba a tuna kowa ba lokacin aika shi. Ita kuwa 'yar uwar da kuka yi saɓani a wajen rabon gado ko a wajen biki, wadda ita ce zumunci ya fi nema, sau da yawa ita ce ake tsallakewa a jerin sunaye. Ko kuma a haɗa da ita a cikin taron don a ce an yi, alhali abin da ke tsakani yana nan daram. Saƙon taro ba ya neman gafara, ba ya kuma karɓar ta.

Sai kuma ɗaya fuskar, wadda ta fi kusa da mu. Akwai mai zuwa da ƙafa amma hankalinta yana wani gari. Kin sha gani, ni ma na sha yi. An taru a gidan Hajiya ranar sallah, 'ya'ya da surukai da jikoki, falo ya cika, amma shiru kamar ana zaman makoki, kowa ya sunkuyar da kai. Wannan tana ɗora hoton lallenta, waccan tana duba mutum nawa suka kalli ɗinkinta, maigida yana can yana amsa saƙonnin abokai, yara sun haɗa kai a kan wasan waya. Hajiya ta fara labarin sallar da, ta kai tsakiya ta ga ba mai saurare, sai ta ja bakinta ta ɗauki carbi. An zo, an ci, an ɗauki hoto da ita a tsakiya, an tafi. Duniya ta ga hoton ta ce masha Allah, zuri'a ta haɗu. Ita kuwa tsohuwa ba wanda ya tambaye ta yadda ƙafarta ta kwana.

Imamu Nasa'i ya ruwaito daga Ibnu Abbas cewa Annabi (SAW) ya taɓa sanya wani zobe, sai ya gaya wa sahabbansa cewa zoben ya shagaltar da shi daga gare su a wannan yini, ya kalle shi ya kalle su, daga nan ya cire shi ya jefar. Zobe fa, 'yar uwa, wanda ba ya ƙara, ba ya haske, ba ya kawo labari. Kuma a cikin siffofinsa da Tirmizi ya tattara an ambaci cewa in zai juya ga mutum gaba ɗayansa yake juyawa. Wannan yana nuna mana cewa wanda ke zaune a gabanki yana da haƙƙi a kan idonki da kunnenki. Yaranmu kuma suna kallo. Yarinyar da ta tashi tana ganin uwarta tana amsa wa kakarta da "uhm" ido na kan waya, ita ma haka za ta amsa wa tata uwar wata rana.

Na san wata za ta ce, "Malama, kina magana kamar ba ki san halin da ake ciki ba." Na sani. Tun da aka cire tallafin man fetur a ƙarshen watan Mayun 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500 cikin kwanaki, daga baya ma ta ƙara hawa, kuɗin mota ya zama abin da ake zama a yi lissafinsa. Mace mai yara biyar in za ta zaga dangi kamar da, sai ta taɓa kuɗin cefane. Ga kuma neman izinin maigida, wanda shi ma yana da nasa lissafin. Wata tana da goyo, wata ba ta da lafiya, wata dangin suna wata ƙasa. Allah bai ɗora wa rai abin da ba zai iya ba, kuma ma'aunin da muka ambata ya fara ne da iko. Wadda ba ta da halin zuwa, kiranta zumunci ne cikakke insha Allahu. Sai dai mu ji tsoron Allah wajen auna ikon nan. Mu da muke samun kuɗin anko da na lalle da na data duk wata, mu da ba ma rasa bikin ƙawa ko da a bayan gari ne, anya rashin iko ne ya hana mu zuwa gidan Goggo sau biyu a shekara?

Ga abin da na koma na gaya wa ɗalibaina, kuma shi nake ƙoƙarin bi a kaina. Kafin sallah ki zauna da maigida ku kasa dangi. Akwai waɗanda sai an je, su ne iyaye, da tsofaffi, da marasa lafiya, da wadda mijinta ya rasu ta shiga sallar farko da marayu, da wadda kuke da saɓani da ita. In ba a iya gama su a kwana uku ba, ai Shawwal kwana 29 ne ko 30, a raba su mako-mako yadda aljihu zai ɗauka. Akwai waɗanda nisa ya sa sai dai kira. To a kira su da murya, a ambaci sunansu, kuma kada a tsaya a lafiya lau ta farko. Ki tambayi abin da aka ci yau, ki tambaya ko an je asibiti, ko maganin ya ƙare. In tsohuwa ce, ki samu lambar wata maƙwabciya mai amana wadda za ta zama idonki. In kin tura goron sallah ta banki, ki bi shi da kira, don kuɗi ma ba ya gani. Saƙon furanni kuwa a bar shi ga abokan arziki da tsofaffin 'yan aji, a nan ne muhallinsa.

Ranar da kika je kuma, ki je gaba ɗayanki. A gidanmu yanzu in an shimfiɗa tabarmar cin abincin sallah, akwai wani faifai da kowa ke ajiye wayarsa a kai, har da Abban yara, sai an wanke hannu a ɗauka. Da farko an yi ta ƙunƙuni, yanzu kuwa ƙaramar cikinsu ce take zagayawa da faifan tana karɓa. Ki kuma tafi da yaranki yawon sallah su san ƙofar gidan danginsu, su iya durƙusawa su gaida manya. Lamba tana ɓacewa in waya ta faɗa ruwa, amma yaron da ƙafarsa ta san hanya ba ya mantawa.

Da na gama wannan bayani a aji, ɗalibar nan ta yi shiru, can ta ce, "Malama, akwai ƙanwar kakata a Gwammaja, rabona da ita tun sunan ɗana na biyu, kuma kullum tana cikin waɗanda nake tura wa." Na ce mata, "Yanzu shekarar yaron nawa?" Ta ce shida. Dattijuwar layin baya ta ce, "To ai sai ki shirya."

Ke ma 'yar uwa, na tabbata tun ɗazu akwai fuskar da take yi miki gizo kina karanta wannan shafi. Ba sai na gaya miki ko wace ce ba. Hadisin Anas da Buhari da Muslim suka ruwaito ya yi wa mai sada zumunci albishir da yalwar arziki da albarkar kwana, saboda haka kada ki ji tsoron kuɗin motar. Goggona tana nan da ranta, idonta garau, kuma sallar bana in Allah ya kai mu, ni da jikokinta za mu je mu ci tuwon nan tun da zafinsa.

Allah ya karɓi ibadunmu, ya ja kwanan iyayenmu cikin lafiya, ya jiƙan waɗanda suka riga mu, ya sa mu cikin masu sada zumunci. Barkanmu da sallah, Allah ya maimaita mana.